Mun ci Kamaru, amma mijin ƙanwata ya daina shiga gidana

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, shekaruna 54, ina zaune a Mabera. Tun ina yaro nake bayan ƙungiyar ƙwallon Najeriya, tun ana ce mata Green Eagles. Mijin ƙanwata mutumin Garwa ne ta ƙasar Kamaru, ya fi shekara 20 a garin nan yana sayar da kayan babur, 'ya'yansu biyar. Ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan ƙwallo. Daren da Najeriya ta ci Kamaru 2-0 a gasar Kofin Afirka a watan Janairun 2024 mun kalla tare a majalisarmu, kuma mun sa naira 20,000 a kan wasan. Da aka tashi na yi ta yi masa tsiya, sai ya ce mu yi ta cin ƙananan zagaye, su dai kofi uku suka ɗauka a hannunmu. Raina ya ɓaci, na ce masa a gaban mutane: "Kai dai baƙo na, in ka ji haushi ka koma Garwa." Wani yaro ya ɗauka a waya, abin ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Washegari ya aiko babban ɗansa da kuɗin. Yau wata huɗu bai taka gidana ba, ƙanwata ta rage zuwa, yaron kuma, mai shekara 14, da nake tafiya kallo da shi, yanzu rigar Kamaru yake sawa. Shin ba daidai ba ne mutum ya goyi bayan ƙasar da yake cin abinci a cikinta? Ko ni zan bar ƙwallon gaba ɗaya, tunda ko barci ba na samu ranar babban wasa, kaina ya yi ta sara? Kuma wa ya kamata ya fara neman wani, alhali ni ne babba?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Kai za ka fara nemansa, kuma a cikin makon nan. Kada ka nemi ya bar Kamaru, don ba zai bari ba, kai ma ba sai ka bar ƙwallo ba. Ga dalilanmu, sannan ga yadda za ka bi.

Maganar da ya faɗa ta yi maka zafi ne saboda gaskiya ce, kuma duk mai shekarunka da ke bayan Najeriya yana ɗauke da wannan tabon. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 1984 a Abijan, Muda Lawal ya fara jefa ƙwallo, Kamaru ta farke ta ƙara biyu, aka tashi 3-1. A wasan ƙarshe na 1988 a Maroko, Henry Nwosu ya ci da ka aka ce satar gida ce, Emmanuel Kundé ya ci bugun fenareti, aka tashi 1-0. Shekara guda bayan haka, a Agustan 1989, ci ɗaya na Omam-Biyik a Yawunde ya hana Najeriya zuwa gasar duniya ta 1990. Mafi ciwo kuwa shi ne wasan ƙarshe na 13 ga Fabrairun 2000 a Surulere ta Legas: Eto'o da Mboma suka ci biyu, Raphael Chukwu da Okocha suka farke, aka je fenareti, aka tare ta Kanu, ta Victor Ikpeba ta bugi turken sama ta faɗo bayan layi amma alƙalin wasa bai ba da ita ba, Rigobert Song ya buga ta ƙarshe aka tashi 4-3. Akwai wani abu da 'yan baya ba su sani ba. Kofin da Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu a wannan filin a 1980, lokacin kana da shekara goma, shi ne Kamaru ta tafi da shi ɗungurungum a daren, saboda ta cinye shi sau uku. Song ɗin nan kuwa shi ne kocin Kamaru a wasan da kuka kalla, kuma a filin da aka yi wasan ƙarshe na 1984 aka buga shi. Don haka mun fahimci abin da ya tsuma ka da Lookman ya jefa ta biyu. Bashin shekara 24 ka ji an biya ka.

Amma duba abin da ke hannunka a daren, wanda ba ka yi amfani da shi ba. Kana iya tuna masa bugun tazarar Okocha da ƙwallon John Utaka a Tunisiya a 2004. Kana iya tuna masa 4-0 ta Uyo a 2017, wata bakwai kacal bayan sun ɗauki kofin Afirka, wadda ta taimaka wajen hana su zuwa gasar duniya ta 2018 a Rasha. Ga 3-2 ta Iskandariyya a 2019, da Ighalo ya ci biyu Iwobi ya rufe. Ga zinaren ƙwallon ƙafa na gasar Olympics ta Atlanta a 1996, da kuka riga su da shekara huɗu. Duk waɗannan tsiya ce ta cikin fili, wadda mai kallon ƙwallo ke haɗiyewa ya jira ranarsa. Shi da ya yi maka gorin kofi uku bai fita daga fili ba. Kai ne ka bar ƙwallo ka taɓa asali, a gaban abokan ciniki da maƙwabta, ga mutumin da ba zai iya ramawa ba saboda kai yayan matarsa ne. Da abokinsa ne ya faɗa, da ya mayar masa an yi dariya an watse. Kai kuwa kunyar surukuta ta rufe masa baki, shi ya sa abin ya zauna masa a ciki wata huɗu. Aiko da kuɗin ta hannun yaro da sassafe ma saƙo ne: ya biya abin da ke tsakaninku, ya ja jikinsa.

Kuma kalmar baƙo ba ta ma zauna daidai a bakin Basakkwace a kan mutumin Garwa ba. Garwa da Marwa da Ngaundare duk lamidodinsu a da suna ƙarƙashin masarautar Adamawa ne, wadda Modibbo Adama ya kafa da tutar da ya karɓa daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Iyakar da ta raba su da Yola Turawa ne suka shata ta daga baya. A harkar ƙwallon ma mutanen Garwa sun yi mana halacci. A gasar Kofin Afirka ta Janairun 2022 can aka sauke Super Eagles, suka ci Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Roumdé Adjia, mutanen gari suka cika filin suna mara musu baya kamar 'yan gida, har daren da Tunisiya ta fitar da mu. Wataƙila akwai 'yan'uwan surukinka a cikin masu tafin nan.

Batun cewa ya goyi bayan ƙasar da yake cin abinci a cikinta, a nan ba mu tare da kai ko kaɗan. Haƙƙin ƙasa a kan mazauninta shi ne ya bi doka, ya biya haraji, ya zauna lafiya da maƙwabta, kuma ba ka ce ya gaza a ko ɗaya ba. Son ƙungiya kuwa yana shiga mutum ne tun yana ƙarami, lokacin da yake raɓe kusa da rediyon mahaifinsa ko yake leƙen talabijin ɗin maƙwabta, kuma da wuya ya fita. Kai naka ya shige ka da Odegbami a 1980. Shi kuma ya tashi a ƙasar da ta doke Ajantina mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasar 1990, gasar duniyar da Roger Milla mai shekara 38 ya ci ƙwallo huɗu a cikinta, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen 'yan takwas. Ɗan garinsu, Vincent Aboubakar, wanda ya fito daga Coton Sport ta Garwa, shi ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ba ta kofi a 2017. Tambayi kanka: da kasuwa ta kai ka Duwala ka shekara 20, za ka tashi ka yi tsalle ranar da aka ci Najeriya? Mutumin da ya riƙe ƙungiyarsa shi kaɗai a majalisar da kowa ke adawa da ita, yana shan tsiya shekara da shekaru bai sauya ba, irin riƙon da kake so ya yi wa ƙanwarka ne.

Yanzu ga gyaran. Ka fara da bidiyon kafin ka taka ƙafa ko'ina, domin ban haƙuri ba ya kama ƙasa matuƙar abin yana yawo. Ka goge naka, ka kira mai kula da zauren dangi ya cire shi, ka sami yaron da ya ɗauka ka sa ya goge a gabanka. Ba za ka iya tsamo kowane kwafi ba, amma labari zai kai masa cewa ka bi sawu, wannan kuwa yana share maka hanya.

Sannan ka je gidansa da ƙafarka. Kada ka yi ta waya, kada ka yi ta saƙon murya, kada ka same shi a shago inda yaransa da masu saye ke tsaye, don a can dole ya ce "ba komai" alhali akwai komai. Bayan sallar isha'i ya fi, lokacin da gida ya natsu. Ka sanar da ƙanwarka cewa kana tafe, amma kada ka mai da ita 'yar aike. Wata huɗu ke nan tana tsakanin miji da yaya, duk wanda ta karkata gare shi ɗayan zai gani. Ka cire ta daga tsakiya. Karon farko ka je kai kaɗai. In ka ɗebi dattawa tun farko, zai ga kamar an zo a tilasta masa yafiya da kwarjinin manya.

Abin da za ka faɗa gajere ne, kuma dole ka ambaci laifin da sunansa: "Na kira ka baƙo a gaban mutane, na ce ka koma Garwa. Ban kyauta ba, kuma ba haka kake a wurina ba. Ka yafe mini." Ka tsaya nan. Wuraren da irin wannan zama ke lalacewa sanannu ne. Na farko shi ne "in na ɓata maka rai", wanda ke nuna har yanzu kana shakkar ko an yi laifi. Na biyu "ai wasa ne", wanda ke mai da shi marar ɗaukar wargi. Mafi muni shi ne "amma kai ma ka ce kofi uku", domin daga nan kun koma musun da ya kawo ku. In ya fara zayyano abin da ke ransa, ka bar shi ya kai aya ko da ya haɗa da wasu tsofaffin abubuwa da ba ka zata ba. Sau da yawa kalma irin wannan tana fama wani miki da wasu suka daɗe suna yi masa a kasuwa ko a shingen jami'an tsaro, kai dai ka zo ka ɗora a kai.

Ka tafi da naira 20,000 ɗin a ambulan, ka ajiye masa bayan kun gama magana, ba kafin ba. Kuɗin da aka sa a kan sakamakon wasa caca ne, ko tsakanin 'yan'uwa ne, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ba ta bar wata kafa ba. Ka gaya masa dalilin ke nan da ka dawo da su, don kada ya ɗauka tausayinsa kake ji ko sayen yafiyarsa kake. In ya ƙi karɓa, kada ka mayar aljihu, ku amince a kan wani mabuƙaci a ba shi. Muna kuma da yaƙinin kuɗin nan sun taimaka wajen zafafa daren. Mutumin da ya sha kashi ya kuma yi asara ba ya jin tsiya yadda wanda ya sha kashi kawai yake ji, wanda ya ci kuma yana jin kamar ya sayi izinin wulaƙanci.

Da sauran rabin aiki. A gaban mutane ka faɗa, don haka a gabansu za ka janye. Ka nemi izininsa tukuna, sannan ranar da majalisa ta cika ka ce, ba tare da doguwar huɗuba ba, maganar da ka faɗa wa wane kuskure ce, ka ba shi haƙuri, kuma ba ka yarda wani ya maimaita ta ba. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da amfani, saboda a irin wannan majalisa akan sami wanda ya mai da kalmar laƙabi, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba.

In ka je ya karɓe ka a sanyaye, kada ka yi fushi ka ce ai ka sauke nauyi. Ka ba shi mako guda, ka ci gaba da yi masa sallama da hannu a masallaci, sannan ka koma. In karo na biyu ma bai sake ba, a nan ne za ka nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, limamin unguwarsu ko wanda ya yi walicci ranar ɗaurin auren. Batun girma kuwa, hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Bai ce ƙarami ba.

Yaron nan shi ya fi damun mu. Shekararsa 14, an kira mahaifinsa baƙo a bidiyon da sa'o'insa suka gani, sannan aka ba shi kuɗi ya kai wa wanda ya faɗa. Rigar da yake sawa tsayawa ce a bayan ubansa, kuma abin yabo ne. Kada ka yi masa maganarta, kada ka saya masa ta Najeriya don ka janyo shi, kada ka bari 'ya'yanka su tsokane shi da ita. Ka kira shi gefe bayan kun shirya da mahaifinsa, ka ce masa: "Kawu ya yi kuskure a kan babanka, na kuma ba shi haƙuri." Yaro ba ya mance ranar da babba ya faɗa masa haka. Ka kuma sani cewa a tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda aka haifa a ƙasar nan kuma ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Yana da gida biyu a ƙwallo, duk wanda ya zaɓa nasa ne. Ka ci gaba da ɗaukarsa kallo, ka fara da wasan da babu Najeriya ko Kamaru a ciki, ko ku je filin Giginya ranar da Sokoto United ke wasa, inda ku biyun kuna ɓangare ɗaya.

Ƙasashen nan biyu za su sake haɗuwa, ko a gasar Afirka ko a neman gurbin gasar duniya, don haka ku yi ƙa'ida tun babu wasa a gaba, lokacin da rai ke kwance. Abin da aka yarda a taɓa: 'yan wasa, koci, alƙalin wasa, tarihin haɗuwa. Abin da ba a taɓawa: asali, harshe, takardun zama, iyali, da siyasar ƙasashen, musamman Bakassi, wadda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kanta a 2002 kuma har yau tana tayar da jijiyar wuya. Ku sa wa tsiya wa'adi, daga tashi wasa zuwa azahar ta washegari, bayan nan an rufe. Kwata na farko bayan busa ƙarshe shi ne mafi haɗari, nan ne ake faɗin abin da ake nadama. Wanda aka ci yana da damar ya tashi ya tafi, ba a bin sa, ba a kiran wayarsa a daren, ba a ɗaukar fuskarsa a bidiyo. Shayi da tsire a yi karo-karo kafin a fara, kada a rataya su a kan wanda ya ci, don ta nan caca ke dawowa da sabon suna.

Wasan da ya haɗa ƙasashenku kai tsaye, shawararmu ku kalle shi a gida, mutum shida zuwa takwas waɗanda suka san ƙa'idar. A gidan kallo ko majalisar bakin titi shi kaɗai ne a cikin mutum hamsin ko fiye, kuma ba ka da iko da bakin kowa. In kuwa dole sai can, ka zauna kusa da shi, kuma kai ne za ka fara tsawatar wa duk wanda ya ƙetare iyaka. A hana kowa bin wasan a rediyo ko a waya a cikin ɗakin, domin sauti yakan riga hoto da 'yan daƙiƙoƙi, mai ihun ƙwallon da ba a gani ba tukuna yana tunzura mutane fiye da ƙwallon kanta. Wasan ƙarfe shida a watan Janairu yana cin karo da magariba, wadda ke faɗawa wajen shida da rabi a Sakkwato. Hutun rabin lokaci minti 15 ne, yana zuwa wajen bakwai saura kwata, ya ishe ku alwala da jam'i in an tanadi ruwa da tabarma. Sahu ɗaya a tsakiyar wasa yana sauke zafin kai sosai.

Rashin barci da saran kai da ka ambata kada ka wuce su. Likitoci a birnin Munich sun bi diddigin masu ciwon zuciya lokacin gasar duniya ta 2006, suka ga a ranakun da Jamus ke wasa masu zuwa asibiti da larurar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau biyu, kuma abin ya fi yawa a maza. A shekara 54 ka je a auna jininka a ranar da babu wasa, kana zaune ka huta minti biyar, a sake aunawa a wata ranar daban. In yana kai 140 bisa 90 ko sama, ka ga likita, kuma in an ɗora ka a kan magani kada ka tsallake shi ranar wasa. Ka rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari daga la'asar a irin wannan rana, su ne ke haɗuwa da tashin hankalin wasa su hana ka runtsawa. In an kai bugun fenareti ka ji ƙirjinka na dukan uku-uku, ka fita waje ka sha iska, sakamakon zai same ka a can. Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, musamman mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi ko ƙarancin numfashi, ba a jiran a tashi wasa: a sa ka a mota zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kada ka tuƙa da kanka.